Daga Kamu da Gaba Zuwa Tsinken Yakutu: Yadda Na'urar Awo Ta Samu Wuya

Wanda ya haye gadar Binuwai daga Jimeta ya kama hanyar Mubi, kafin ya shiga garin Girei zai ratsa Sangere, mazaunin Jami'ar Modibbo Adama. An kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake cin gashin kanta a 1988. Tun daga lokacin take yaye injiniyoyi. Duk wanda rabo ya kai shi masana'antar ƙera sassan mota ko na jirgin sama a cikinsu, zai iske wani ɗaki mai sanyi da ba kowa ke shiga ba. A ciki akwai shimfiɗaɗɗen baƙin dutse mai santsi, da wata gada da ke zamewa a kansa, da wani siririn tsinke mai jan ƙwallon yakutu a baki. Wannan ita ce na'urar awo da ake kira CMM, kuma ita ke yanke hukunci ko abin da aka ƙera ya yi daidai ko a jefar.

Kakanninmu da jikinsu suke awo. Mai sayar da sawaye yana auna kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, mai igiya yana ware hannuwa ya ƙirga gaba, mai gona yana taki. Matsalar a fili take: kamun dogo ba kamun gajere ba ne. Shi ya sa mudu ya fi su daraja, domin ana iya ɗauko wani mudun da aka yarda da shi a gwada. Mai fitar da zakkar fidda kai ma da mudun Annabi yake lissafi, ba da kwanon da ya ga dama ba. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

A Turai an bi irin wannan hanyar. Faransa ta ƙera sandar mita a 1799, ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a 1875. A 1896 wani ɗan Suwidin, Carl Edvard Johansson, da ke aiki a masana'antar bindigogi, ya fito da ƙananan tubalan ƙarfe masu tabbataccen kauri waɗanda ake harhaɗawa a sami tsawon da ake so. Amma duk waɗannan tsawo guda suke aunawa a lokaci guda. Murfin inji mai ramuka ashirin da lunguna sai ya cinye wa mai awo yini.

Kamfanin Ferranti na Sikotland ne ya fara rage wannan wahala a shekarun 1950, da na'urar da ke karanta matsayin tsinke ta fuska biyu, wadda aka nuna a baje-kolin Faris a 1959. Kamfanin DEA na Italiya ya zo da mai fuska uku a shekarun 1960: tsawo, faɗi da bisa. Dabarar ita ce kowane wuri da tsinken ya taɓa a ba shi lamba uku, daga nan lissafi ya fitar da faɗin rami ko karkatar bango. Sai dai tsinken na wancan zamani sandararre ne. Mutum ke tura shi da hannu, kuma nauyin hannu ya bambanta.

A nan labarin ya fi daɗi. A 1972 wani injiniya ɗan Ailan, David McMurtry, yana aiki da Rolls-Royce kan injin Olympus na jirgin Concorde. Akwai wasu siraran bututai da aka rasa yadda za a auna, domin da zarar sandararren tsinke ya taɓa su sai su lanƙwashe. McMurtry ya koma gida ya harhaɗa wani abu: tsinke mai ƙafa uku, kowace ƙafa zaune tsakanin ƙwallaye biyu na ƙarfe, sifirin na danne su, wutar lantarki na zagayawa ta cikinsu. Bakin tsinken na shafar abu, ƙafa ɗaya za ta ɗaga, wuta ta yanke, na'ura ta rubuta lambobinta nan take. Da tsinken ya ja baya sai ya koma mazauninsa na farko. A 1973 shi da abokin aikinsa John Deer suka kafa kamfanin Renishaw a Ingila. A ganina wannan ƙirƙira ta fi na'urar kanta muhimmanci, domin ita ta cire hannun mutum daga awon ta ba kwamfuta damar jan ragama.

Saura matsala ɗaya: tsinken ƙasa kawai yake kallo. Ramin da ke gefe ko a karkace sai an kwance kayan an juya shi, kuma duk juyi yana shigo da kuskure. A farkon shekarun 1980 Renishaw ya fito da kai mai mota a ciki, wanda ke juya tsinken kamar yadda wuya ke juya kai. Samfurin da ya fi yaɗuwa, PH10, yana ɗagawa daga digiri 0 zuwa 105, yana kewayawa digiri 180 dama da hagu, a matakin digiri 7.5. Matsayi 15 sau 48, ya kama 720. A kowanne yana kulle kansa, kuma in ya bar wurin ya dawo, bambancin bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashi ya ninka haka sau hamsin ko fi.

To ga inda mudu ya dawo. Na'urar ba ta san inda bakin tsinkenta yake ba sai an nuna mata. A kan dutsen ana ɗaure wani ƙwallo na musamman da aka tabbatar da faɗinsa a ɗakin gwaji, da takardar shaida. Tsinken zai taɓa shi aƙalla sau biyar, ɗaya a bisa, huɗu a kewayen cikinsa, kwamfuta ta gwada abin da ta samu da abin da ke takarda. Daga nan take gane tsakiyar ƙwallon yakutun da ke bakin tsinken, da faɗin da za ta riƙa lissafi da shi. Wannan faɗin yakan ɗan gaza na gaskiya, domin tsinken yana ɗan lanƙwasawa kafin wuta ta yanke, kuma ƙafafun nan uku suna sa lanƙwasar ta bambanta da fuskar da aka taɓo. In kai ya kwanta a gicciye, nauyin tsinken ma yana jan shi ƙasa. Saboda haka kowace kusurwa da za a yi aiki da ita sai an saita ta daban. Aikin da ke buƙatar kusurwa goma sha biyu, saiti goma sha biyu ne. An canza tsinke, ko ya yi karo, a sake daga farko. Sababbin kawuna irin REVO, wanda ya fito a 2005, sun rage wannan zirga-zirga, amma ba su raba na'urar da ƙwallon ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne zafi. Tun 1931 aka amince a duniya cewa awon tsawo na masana'antu a kan digiri 20 ake yin sa. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kimanin maikiron 11 zuwa 12 a duk digiri guda. A Yola da Girei zafin Maris da Afrilu yakan haura 40. Sandar mita ɗaya da aka auna a wannan yanayi ta ƙaru da kusan rubu'in milimita, alhali na'urar maikiron take nema. Ga ƙurar hunturu, wadda ƙwayarta guda in ta manne a yakutu ta isa ta ɓata saiti. Ga kuma buƙatar busasshiyar iska mai ƙarfi da gadar ke shawagi a kanta, wadda ba ta samuwa sai da tsayayyiyar wuta.

Don haka kirana ga duk makaranta ko masana'anta a Adamawa da ke shirin sayen wannan na'ura: a fara gina ɗakin da zai riƙe digiri 20 dare da rana, a tanadi wutarsa, a ware kuɗin sabunta shaidar ƙwallon, sannan a koya wa ɗalibai saiti kafin a bar su su auna komai.