Baƙin Ɗari: Tarihin Tsuntsayen da ke Zo Mana daga Nesa

Kowane manomi a ƙasar Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji ya san shamuwa. In ta sauka bisa tsamiya ko kuka a tsakar gari, sai a gyara kayan noma a fid da iri. In an gama girbi, sai ta kwashe ƴaƴanta ta tafi. Amma akwai waɗansu baƙi da ke zuwa bayan tafiyarta. Su ne tsuntsayen ɗari. Suna fara sauka tun watan Satumba da Oktoba. Suna yin hunturu tare da mu, su koma a watan Maris ko Afrilu. Daga ina suke? Ƙaƙa aka yi mutane suka gano hanyarsu? Ga labarin.

Su wane ne baƙin?

Akwai farar shamuwa, wadda waɗansu ke kira galantoyi. Ta fi tamu girma, baki da ƙafafu jajaye. Akwai ƙananan agwagin ruwa da ke cika tabki a watan Janairu, su zauna kusa da kirinjijiya da dinya, waɗanda su ƴan ƙasa ne. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa wutsiya. Akwai wani irin shaho mai dogon fiffike da ke shawagi ƙasa ƙasa bisa gonaki yana cin fara. Akwai kuma ƙanana barkatai masu launin ƙasa da ke ɓuya cikin gawo.

Dukansu a ƙasashen Turai da Rasha suke yin sheƙa. In sanyi ya shigo can, ƙanƙara ta rufe ƙasa, ƙwari su ɓace. Tsuntsu mai cin ƙwari ba shi da zama. Sai ya yo kudu. Ya ƙetare teku, ya ƙetare hamadar Sahara, ya sauko ƙasarmu. Daga Jamus zuwa Maraɗi ya fi kilomita 4,000. A 2009 masana sun yi lissafi, suka ce ƙananan tsuntsaye wajen miliyan 2,000 ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace shekara.

Shamuwa mai mashi a wuya

A da Turawa ma ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Waɗansu malamansu sun rubuta cewa tsattsewa na shiga cikin laka a ƙasan tabki, ta yi barci har sanyi ya wuce. Aka daɗe ana gardama.

A watan Mayu na 1822, aka harbe wata farar shamuwa a arewacin Jamus. Da aka duba, sai ga wani siririn mashi ya huda mata wuya, tsawonsa ya kusa mita guda. Aka bincika icen, aka ga na Afirka ne. Wato wani maharbi baƙar fata ne ya jefe ta, ba ta mutu ba, ta tashi da mashin har gida. Gani ya kori ji. Har yau gawarta na ajiye a jami'ar garin Rostok, da mashin a wuyanta.

Bayan wannan, wani malamin lakwal a ƙasar Danmak, sunansa Mortensen, ya kawo dabara a 1899. Ya riƙa kama tsuntsaye yana sa musu ɗan zobe na gorar ruwa a ƙafa. A jikin zoben akwai lamba da adireshi. Duk wanda ya tsinci tsuntsun, sai ya aiko da takarda ya faɗi inda ya same shi. Dabarar ta bazu ko'ina a Turai. Shi ya sa wani lokaci maharbi ko mai tarko a ƙasarmu kan ga zobe a ƙafar tsuntsu, an rubuta Paris, ko London, ko Moskwa. Ba tsafi ba ne, ba kuwa kuɗi ba. Takardar shaida ce ta tsuntsun.

Zamanin bindiga

Turawan farko da suka zo ƙasar Hausa neman sanin tsuntsaye, da bindiga suka zo. A 1885 da 1886 wani Bajamushe mai suna Hartert ya bi ta Zariya, da Kano, da Sakkwato yana tara tsuntsaye. A 1920 wani mutumin Sukotlan, Angus Buchanan, ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu har duwatsun Abzin. Yakan harbe tsuntsu, a feɗe fatar, a busar, a rubuta rana da wuri, a sa a akwati. Aka kai su wani gidan ajiya a Ingila. Hartert ɗin nan ne ya duba su, ya rubuta sunayensu.

A 1922 Buchanan ya sake dawowa. Wannan karon ya zo da mai ɗaukar hoto na silima. Suka ƙetare Sahara bisa raƙuma har Aljeriya a 1923. Aka nuna hotunan tafiyar a Ingila.

Mu lura da abu ɗaya. Waɗannan baƙi ba za su iya kome ba sai da ƴan ƙasa. Ƴan ƙasa ne suka ja raƙuma. Su suka san rijiya. Su suka san inda tuje ke kiwo da inda gauraka ke kwana. Sanin yana nan wurin kakanninmu tun da daɗewa, sai dai ba a rubuce yake ba.

Zamanin madubi da hoto

Sannu a hankali aka ajiye bindiga. Aka ɗauki madubin hangen nesa, da littafi, da abin ɗaukar hoto. Yawancin masu wannan aiki ba sana'arsu ba ce. Malaman lakwal ne, da likitoci, da ma'aikatan noma. Ranar hutu sai su fita da asuba cikin sanyi, su zauna bakin tabki, su rubuta abin da suka gani.

A 1964 irin waɗannan mutane suka kafa ƙungiya a Najeriya. A 1979 aka fara buga wata mujalla mai suna Malimbus domin tsuntsayen Afirka ta Yamma duka. A cikinta ne aka buga jerin tsuntsayen Nijar a 1988. Yau an san iri fiye da 500 a ƙasarmu.

Akwai kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa. An fara ta a Turai a 1967, ta iso Afirka a 1991. A watan Janairu ake yin ta, domin lokacin ne baƙi suka zauna wuri ɗaya ba su tafiya. A Nijar ma'aikatan gandun daji da masu sha'awa sun shiga aikin tun farkon shekarun 1990. In an ƙidaya tabki ɗaya shekara da shekaru, sai a gane ko tsuntsaye na ƙaruwa ko suna raguwa.

A jahar Maraɗi, babban wurin tsuntsayen ruwa shi ne tabkin Madarunfa, inda ƙaburburan waliyyai 99 suke. A 2019 aka sa shi cikin jerin tabkunan duniya da aka yi alkawarin kiyayewa. An ƙulla wannan alkawari ne a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar kuwa ta shiga a 1987. Ban da Madarunfa, akwai fadamun Gulbin Maraɗi wajen Tibiri da Gidan Rumji, da ƙananan tabkuna na Gulbin Kaba wajen Gazawa. Duk inda ruwa ya kwanta bayan damina, baƙi na sauka.

Daga baya aka ƙera wata ƴar na'ura da ake ɗaura wa tsuntsu a baya. Tauraron ɗan Adam na bin sawunta. Da ita masu bincike daga Danmak suka bi shamuwar Nijar, suka ga in ta bar mu tana zuwa har Tanzaniya, inda damina ke farawa lokacin da tamu ta ƙare. Ashe shamuwa ruwan sama take bi.

Shekarar da baƙi ba su koma ba

A Ingila akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro. Nauyinsa bai wuce ƙwayar sukari uku ba. A can yake sheƙa, a ƙasashenmu na Sahel yake cin ɗari. A 1969 masu kallon tsuntsaye a Ingila suka jira shi, amma kaɗan ne suka komo. Cikin kowane uku, wajen biyu sun ɓace. Aka yi ta neman dalili a gonakin Ingila, ba a samu ba. Sai a 1974 masana suka rubuta cewa dalilin yana nan wurinmu. Daminar 1968 ba ta yi kyau ba a Sahel. Itatuwa ba su yi ganye sosai ba, ƙwari suka yi ƙaranci. Tsuntsayen ba su samu abin da za su ci su yi ƙiba ba, suka kasa ƙetare hamada.

Dattawa sun san abin da ya biyo baya. Farin 1973 ya kashe dabbobi ba iyaka. Yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, ta watsa gidaje. Ɗan tsuntsun nan ya riga kowa jin masifar. Farin da ya hana shi guzuri, shi ne ya hana mu hatsi.

A waɗannan shekaru gonaki suka zama fili fetal. Ana sassabe, a tumɓuke kome, a ƙone. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi. Jimina da tuje, waɗanda kakanni suka saba gani, suka ƙaurace.

Gawo ya komo

A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a ƙasar Maraɗi. Ya lura cewa kututturan itatuwan da aka sare ba su mutu ba. Saiwarsu na da rai a ƙasa. In aka bar tsiro biyu ko uku aka datse sauran, sai ice ya tashi da sauri, ba shuka, ba ban ruwa. Waɗansu manoma sun san haka tun da. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu daga gari zuwa gari. Shi ne ake kira sassaben zamani.

Ƙasar Agye ta yi suna da wannan aiki. A Ɗan Saga mutanen gari, maza da mata, manoma da makiyaya, suka kafa kwamiti na tsaron itatuwa, suka sa doka ga mai sata da gatari. Baƙi daga ƙasashe da dama sun zo gani. Da aka gwada hotunan sama na da da na baya, masana suka ƙiyasta cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Mene ne haɗin wannan da tsuntsaye? Masu bincike daga ƙasar Holan sun yi shekaru suna bin Sahel a lokacin ɗari, daga Senegal har Habasha. Suna tsayawa gindin ice, su ƙidaya tsuntsayen da ke ciki. Suka tarar baƙin Turai ba kowane ice suke so ba. Sun fi son gawo, da aduwa, da sauran masu ƙaya. Dogon yaro da turare kuwa, da wuya su sauka a kansu. Dalili a fili yake. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da kaka, ya yi fure lokacin ɗari. Furen na jawo ƙwari daidai sa'ad da baƙi suka iso da yunwa. Manomin da ya bar gawo domin taki da abincin awaki, ya ajiye wa baƙi masauki ke nan.

Su ma ba su zama a banza. Farar shamuwa da shahon nan suna cin fara da rani, kafin ta zuba ƙwai ta dame mu da damina. Ƙananan kuwa tsutsa da ƙwari suke ci. Kada mu haɗa su da jan baki mai cinye gero. Jan baki ɗan Afirka ne, da kaka yake ɓarna.

Abin da ya rage gare mu

Har yanzu akwai hatsari. Tabkuna na cikewa da rairayi. Ana kama tsuntsaye ana sayarwa. A 2014 an kashe wata farar ungulu a kudancin Nijar domin a kai sassanta kasuwar masu magani. Daga ƙasar Girka ta taso, da na'ura a bayanta, kuma irinta saura kaɗan a can. Nijar na da dokar farauta ta 1998, wadda ta hana kashe waɗansu namun daji da tsuntsaye, ta kuma ce sai da izini ake farauta.

Ga shi kuma tun wajen 2019 ƴan bindiga sun takura wa ƙauyukan iyaka a Gidan Rumji da Madarunfa. Masu zuwa daga nesa da madubi sun ragu. To, wa zai rubuta tarihin tsuntsayenmu? Mu ne. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Aikin ba wuya. Wanda ya iya karatu ya samu ɗan littafi. Ya rubuta ranar da shamuwa ta sauka da ranar da ta tafi. Ya rubuta ranar da agwagi suka iso tabki, da kimanin yawansu. Mai salula ya ɗauki hoto daga nesa, da safe ko da la'asar, rana na bayansa, kada ya kore su. A tambayi tsofaffin maharba sunan kowane tsuntsu da Hausa, a rubuta tun suna da rai. In an tsinci zobe ko na'ura, a kwafe lambar daidai, da rana, da sunan gari, a kai wa ma'aikatan gandun daji. In tsuntsun na da rai, a sake shi. A hana yara harbin baƙi da danƙo.

Bana in iskar hunturu ta kaɗa, ka tsaya gindin gawon gonarka ka ɗaga kai. Ka ƙidaya abin da ka gani, ka rubuta. Baɗi ka sake ƙidayawa.