Shari'ar Trovan da Haƙƙin Talaka a Kan Manyan Kamfanoni

Siyasar ci gaba da jam'iyyar NEPU ta faro a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta ginu ne bisa aƙidar cewa talaka yana da ikon tuhumar duk mai iko da shi. A wancan zamani hukumar En'e da Turawan mulki ake nufi. Daga baya tuhumar ta kai ga manyan kamfanoni, kuma babu misalin da ya fi na maganin Trovan fitowa fili.

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ciki har da Jihar Kebbi, inda fiye da mutum 11,000 suka rasu a faɗin ƙasa. Ana cikin haka ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gudanar da gwaji a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano. Rabinsu aka ba Trovan, sauran kuma wani maganin daban domin kwatantawa. Yara 11 sun rasu, wasu sun kurmance ko sun shanye. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa cutar ce sanadi.

Abin takaici, sai da jaridar Washington Post ta tono batun a 2000 kafin Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya ƙaddara cewa gwajin ya saɓa wa doka. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta.

A yau, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta gwaji a kan ɗan Adam sai da rubutacciyar amincewarsa bayan an yi masa cikakken bayani, kuma wajibi ne kwamitin ɗa'a ya duba binciken tukuna. Dokar ta shafi babban asibitin jiha da ke Kalgo kamar yadda ta shafi ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauyukan Gwandu, don haka mahaifi yana da ikon neman a karanta masa takardar da Hausa kafin ya dangwala yatsa.