Lambar QR a Matsayin Kayan Koyarwa: Nazarin Kwatanci Tsakanin DIKSHA da Plickers

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyi biyu na amfani da lambobin da waya ke karantawa wajen koyarwa, wato tsarin DIKSHA na ƙasar Indiya da katunan Plickers. An bi hanyar kwatanci, aka duba abin da kowane tsari yake buƙata daga ɗalibi da malami. Binciken ya nuna cewa amfanin lambar ya rataya ne a kan wanda wayar take hannunsa.

1.0 Gabatarwa

Ba don makaranta aka ƙirƙiro lambar QR ba. Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso na Japan ne suka samar da ita a 1994, domin bin sawun kayayyakin mota a masana'anta. Lamba mai layi-layi da ake gani a jikin kayan kanti ba ta wuce alƙaluma 12 ko 13, alhali ta QR tana iya ɗaukar har 7,089. Haka kuma, a matakin kariya mafi girma, waya tana karanta ta ko da kusan kashi 30 cikin ɗari ya lalace. Wannan siffa ta dace da littafin da zai sha naɗi da maiƙo a hannun yara.

2.0 Tsarin DIKSHA

Gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da DIKSHA a Satumbar 2017. An buga lambobi a shafukan littattafan makaranta, ta yadda ɗalibi zai haska lambar da waya, nan take bidiyo ko tambayoyin gwaji na wannan babin su bayyana. Tsarin ya yi daidai da ra'in masani Richard Mayer, wanda ya nuna cewa an fi fahimtar darasi idan aka haɗa kalmomi da hoto fiye da kalmomi zalla. Sai dai lambar adireshi kawai take ɗauke da shi, darasin yana can a intanet. Yaron da babu waya ta zamani a gidansu, ko babu kuɗin data, ko kuwa wayar ta bi mahaifinsa kasuwa, littafinsa bai bambanta da tsohon bugu ba.

3.0 Katunan Plickers

A nan kuwa waya ɗaya ce, ta malami. Kowane ɗalibi yana riƙe da kati mai zane na musamman mai kama da lambar QR, gefunansa huɗu an sa musu A, B, C da D. Idan malami ya yi tambaya, ɗalibi sai ya juya katin, gefen amsar da ya zaɓa ya koma sama. Malami ya bi ajin da kyamara, cikin ɗan lokaci ya ga wanda ya gane da wanda ya ɓace. Haruffan ƙanana ne, don haka na gefe ba ya iya satar amsa, mai kunya ma amsarsa ta shiga lissafi. Rauninsa shi ne ya tsaya ga tambayoyin zaɓi, kuma katunan ba su wuce 63 a aji ɗaya.

4.0 Sakamako da Shawarwari

DIKSHA ya faɗaɗa abin karantawa, amma ya ɗora nauyin na'ura a kan gida, wanda hakan ke iya ƙara tazara tsakanin 'ya'yan masu hali da na marasa hali. Plickers bai ƙara abin karantawa ba, sai dai ya ba malami hanyar auna fahimtar kowa ba tare da iyaye sun kashe ko sisi ba. Saboda haka, a inda waya ta yi ƙaranci, kamar yawancin makarantun gwamnati na karkara a ƙasar Hausa, ya kamata a fara da tsarin da malami ne ke riƙe da waya. Kafin a buga lamba a littafi, wajibi ne hukumomin ilimi su tanadi darussa cikin harshen da yaro yake ji, waɗanda malami zai sauke sau ɗaya ya yi ta amfani da su, sannan su horar da malaman.