Ƙarin Ruwa ko Allura Lokaci-Lokaci: Nazari kan Adadin Maganin Rage Asid Bayan Tsayar da Jinin Gyambon Ciki

Tsakure

Wannan maƙala ta auna hanyoyi biyu na ba da omeprazole da danginsa ga majinyacin da gyambon cikinsa ya zubar da jini: ɗurawa ta jijiya ba tsayawa, da allura lokaci-lokaci. Matsayinmu shi ne hanya ta biyu ta isa.

Tushen al'amarin

Maganin ba ya toshe jijiyar da ta fashe. Wannan aikin likita ne da na'urar leƙa ciki. Abin da maganin ke yi shi ne kare gudan jinin da ya daskare a bakin gyambon. Idan ma'aunin pH na tumbi ya yi ƙasa da 6, ƙwayoyin da ke daskarar da jini ba sa haɗuwa sosai, idan ya ƙara sauka kuma sinadarin fefsin ya shiga narkar da gudan.

Hujjoji

A shekarar 2000, Lau da abokan aikinsa a Hong Kong suka gwada majinyata 240 da aka riga aka tsayar wa jini. Rabinsu sun sami omeprazole miligiram 80 a tashi ɗaya, sannan miligiram 8 kowace awa har awa 72. Jini ya dawo wa kashi 6.7 cikin ɗari nasu, sauran kuwa kashi 22.5. Daga nan wannan tsari ya zama ƙa'ida. Sai dai an kwatanta shi ne da maganin da babu komai a cikinsa, don haka gwajin bai nuna cewa sai an ɗura ba tsayawa ba.

Wannan giɓin Sachar, Vaidya da Laine suka cike a 2014, da suka tattara gwaje-gwaje 13. Allurar lokaci-lokaci ba ta gaza ɗurawa ba wajen hana dawowar jini cikin kwana 7. Ƙa'idar likitocin ciki ta Amurka ta 2021 ta amince da kowacce na tsawon kwana 3, sannan sha sau biyu a rana har zuwa kwana na 14.

Tattaunawa

Muna ganin wannan sakamako ya fi nauyi a inda injin ɗura magani ya yi ƙaranci, wuta ke ɗaukewa, kuma dangin majinyaci ke sayen kowace kwalba. Ɗurawa tana cin miligiram 192 a rana. Miligiram 40 sau biyu zuwa huɗu bai wuce 160 ba, kuma nas na iya bayarwa da sirinji.

Amma a kiyaye. Duk alƙaluman nan na waɗanda aka tsayar wa jini da na'ura ne. Gwajin Lau na 2007 ya nuna cewa ba da maganin kafin leƙa ciki bai rage dawowar jini ko mutuwa ba. Wanda kuma aman jininsa daga kumburarrun jijiyoyin maƙoshi yake, sanadin ciwon hanta, ɗaure jijiyoyin yake buƙata da gaggawa.