Bernard na Clairvaux, sufin da ya yi yekuwar yaƙin Salibiyya na biyu

Bernard na Clairvaux, wanda Faransawa ke kira Saint Bernard, sufi ne na Cocin Katolika kuma shugaban gidan sufaye, wato abbé a harshen Faransanci. An haife shi a 1090 a Fontaine, kusa da birnin Dijon na yankin Bourgogne, a gidan barade. Bai taɓa zama bishop ba, balle Paparoma, amma a zamaninsa da wuya a sami malamin da sarakunan Turai ke jin maganarsa kamar shi.

Yana ɗan shekara ashirin da ƴan kai ya shiga gidan sufaye na Cîteaux, wanda aka kafa a 1098 don komawa ga tsantsar dokar Benoît: addu'a dare da rana, noma da hannu, ƙauracewa nama da ƙawa. Bai je shi kaɗai ba. Kimanin mutum 30 ya ja, har da ƴan uwansa na jini da kawunsa. A 1115 shugaban Cîteaux, Étienne Harding, ya tura shi da sufaye 12 su buɗe sabon gida a wani kwari na yankin Champagne, wurin da aka raɗa wa suna Clairvaux. Nan ya shugabanta har shekara 38. Yawan azumi ya lalata masa ciki tun yana saurayi, ciwon bai rabu da shi ba.

Ƙarfinsa a baki da alƙalami yake. Ya bar wasiƙu fiye da 500 da huɗubobi 86 kan littafin Waƙar Waƙoƙi na Baibul. Da aka zaɓi Paparoma biyu lokaci guda a 1130, shi ya zagaya fadodi har Innocent na II ya rinjayi Anaclet na II. Shi ne kuma ya sa taron Sens ya la'anci koyarwar Pierre Abélard, kuma bai yi masa da sauƙi ba. A 1145 almajirinsa ya hau kujerar Paparoma da sunan Eugène na III.

Abin da ya haɗa tarihinsa da na Musulmi shi ne yaƙi. A taron Troyes na 1129 ya mara wa mayaƙan Templiers baya, sufaye masu ɗaukar takobi. Bayan Imaduddin Zangi ya ƙwace birnin Ruha, wato Edessa, a 1144, Paparoma ya ɗora masa yekuwar sabon yaƙin Salibiyya. Ranar 31 ga Maris 1146 ya yi wa'azi a Vézelay gaban Sarki Louis na VII, daga baya ya shawo kan Conrad na III na Jamus. A wannan tafiya ce ya tsawata wa wani sufi mai suna Radulf da ke tunzura jama'a su kashe Yahudawan bakin kogin Rhin.

Yaƙin ya watse. Turkawan Saljuƙ sun ragargaza rundunonin a Anatoliya, ragowar suka kewaye Dimashƙa a Yulin 1148, suka janye bayan kwana huɗu. Da aka fara zargin sa, Bernard ya ce zunuban mayaƙan ne suka jawo. Amsa ce mai sauƙi ga wanda bai je fagen daga ba. Akwai kuma abin lura: shugaban Cluny, Pierre le Vénérable, wanda ya sa aka fassara Alƙur'ani zuwa Latin a karon farko a 1143, ya nemi Bernard ya yi rubutu kan Musulunci, Bernard bai yi ba.

Ya rasu ranar 20 ga Agusta 1153, ranar da Katolika ke tunawa da shi duk shekara. Paparoma Alexandre na III ya ayyana shi waliyyi a 1174. Karen nan da ake kira Saint-Bernard ba sunansa ya ci ba, na wani Bernard ne na tsaunukan Alpes.

Daga ɗariƙarsa reshen Trappistes ya fito. Charles de Foucauld, wanda ya zauna cikin Abzinawa a Tamanrasset ya rubuta ƙamusun harshensu, a can ya fara, haka ma sufaye bakwai na Tibhirine da aka kashe a Aljeriya a 1996. Shi kuwa gidan Clairvaux, juyin juya halin Faransa ya kori sufayensa, Napoléon ya mayar da shi gidan kaso a 1808, ba a rufe kason ba sai a 2023.