Ruwan da Ke Ɓoye a Cikin Ulu

Ulu yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa: yana shan danshin iska a ɓoye. Idan iska ta cika da laima, busasshen ulu mai nauyin kilo 100 zai iya zuƙe ruwa wajen kilo 30, kuma ka taɓa shi ba za ka ji ya jiƙe ba. Ga shi kaya ne na kan sikeli. Duk wanda ya saya a ranar laima, har da kuɗin ruwa ya biya.

A Bradford ta Ingila, matattarar cinikin ulu a ƙarni na 19, sai da majalisar dokoki ta ba hukumar garin izini a 1887 ta kafa gidan awo. A can ake ɗibar samfur, a busar da shi ƙayau, a auna, sannan a ɗora masa wani kaso na danshi da kowa ya yarda da shi. Ga ulun da aka taje, kashi 18 da kwata cikin ɗari. Masu siliki na Lyon a Faransa sun riga su tun 1805.

Awo ya raba gardamar kasuwa, amma bai faɗi inda ruwan yake maƙalewa ba. Wannan aikin Jami'ar Leeds ce ta ɗauke shi. William Astbury, wanda ya isa can a 1928, ya haska gashi da ulu da hasken X, ya nuna cewa keratin, sinadarin da aka gina su da shi, dogayen sarƙoƙi ne a naɗe, masu miƙewa idan an jiƙa an ja. Abokin aikinsa J. B. Speakman kuma, a 1944, ya ce ruwan ba iri ɗaya ba ne: na farko yana damƙar wasu rassa da ke jikin sarƙar da ƙarfi, na bayansa yana zama a jikin sarƙar kanta, na ƙarshe kuwa taruwa kawai yake yi sako-sako idan laima ta yi yawa.

Ta yaya za a tabbatar? Dabarar ta burge ni don sauƙinta: a toshe wurin, a ga abin da ya ragu. A shekarun 1960, I. C. Watt da J. D. Leeder na hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya suka bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Suka rufe rassan amino da wani sinadari, suka rufe na asid da wani, suna auna ulun a matakan laima daban-daban. Shan ruwan ya ragu, musamman a busasshiyar iska, inda waɗannan rassa ne ke fara karɓar baƙo. A laima mai yawa kuwa magana ta koma kan ko zaren yana da sararin kumbura. Idan aka tsinke ƙullin sulfa da ke ɗaure sarƙoƙin, sai ya ƙara sha; idan aka ƙara masa ƙulli, sai ya rage.

Abin mamaki, gyaran ulun da ya ci kasuwa bai taɓa cikin zaren sosai ba. Bayan ulu yana da ɓawo kamar na kifi, da wani siririn maiƙo mai korar ruwa, shi ya sa ɗigo ke gangarewa a kansa alhali cikinsa yana shan tururi. Ɓawon ne ke sarƙewa a wanki har riga ta tsuke. A ƙarshen shekarun 1960 aka fito da hanyar wanke ulu da kulorin sannan a shafe shi da wani ƙaro mai suna Hercosett. Kulorin yana cinye maiƙon, ya lausasa ɓawon. Ulun da aka yi wa haka yana jiƙewa nan da nan, yana kama rini da sauri, amma danshin iskar da yake riƙewa bai canza ƙwarai ba.

Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba, don haka wannan tarihi ya fi iso mu ta dilar gwanjo. Suwaitar hunturu da aka rubuta wa cewa ulu ce zalla kuma ana iya jefa ta a injin wanki, galibi ta bi ta cikin wannan wankan kulorin.