Shekaru ko hankali: Ma'aunai uku na girma da ke aiki a ƙasar Daura

A ƙasar Daura, saurayi ɗan shekara 19 yana iya kaɗa ƙuri'a, ya karɓi lasisin tuƙi, har ya zama darakta a kamfani, amma gwamna ba zai ba shi takardar mallakar fili da sunansa ba sai ya cika 21. Ƙanensa ɗan shekara 15 kuwa, idan ya balaga, sallah da azumi sun hau kansa, ko da yake doka na kallonsa a matsayin yaro. Shi kuma yayansu mai shekara 30, muddin bai ajiye iyali ba, tuzuru ake ce masa, kuma ba kasafai ake sa shi a sahun magidanta ba.

Wannan saɓani ya samo asali ne daga ma'aunai uku da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure. Dokar ƙasa tana ƙirga shekaru, shari'ar Musulunci tana duba balaga da shiriya, al'ada kuma tana auna nauyin da mutum ya ɗauka.

Ma'aunin doka

Dokar Najeriya ba ta da shekara guda da ke buɗe dukkan ƙofofi. Ga manyan iyakokin da ta gindaya:

- 16: mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a da sauran manyan makarantu.
- 18: kaɗa ƙuri'a, lasisin tuƙi, da zama darakta a kamfani bisa dokar kamfanoni ta 2020.
- 21: samun takardar mallakar fili daga gwamna, bisa sashe na 7 na dokar filaye ta 1978, sai fa idan an naɗa wa yaron wakili ko kuma gado ya ci.
- 25: takarar majalisar dokokin jiha da majalisar wakilai.
- 35: takarar gwamna, sanata da shugaban ƙasa.

Waɗannan alƙaluma ba dawwamammu ba ne. A Jamhuriya ta Farko sai ɗan shekara 21 ke zaɓe, tsarin mulkin 1979 ne ya tsayar da 18. Birtaniya ta yi irin wannan ragi a 1969, Amurka a 1971, yayin da Brazil da Ostiriya suka sauko har zuwa 16.

Sauyi na baya-bayan nan ɗan Daura ne ya sa masa hannu. Ranar 31 ga Mayu, 2018, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan gyaran da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jiha kuma daga 30 zuwa 25. Shi kansa yana da shekara 32 aka naɗa shi gwamnan soja na jihar Arewa maso Gabas a 1975, shekarun da tsarin mulkin yau ba zai yarda a yi takarar gwamna da su ba. Haka nan Janar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31.

Ma'aunin shari'a

Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihar Katsina ke aiki da ita, ta raba abubuwa biyu da mutane kan haɗa: balaga da rushdu.

Balaga ta jiki ce, kuma alamominta sanannu ne: mafarki, haila, ɗaukar ciki, da tsirowar gashin gaba. Idan babu ko ɗaya da ta bayyana, sai a koma ga shekaru, kuma Muhtasar na Shehu Halil ya tsayar da 18. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15, suna kafa hujja da labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu yana da shekara 14, aka karɓe shi ranar yaƙin Gwalalo yana da 15. Daga balaga ne ibada ke zama wajibi, alƙalami ya hau kan mutum.

Rushdu kuwa shi ne iya tattalin dukiya. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a jarraba marayu har su kai munzalin aure, sannan a miƙa musu dukiyarsu idan an ga shiriya a tare da su. Ke nan balaga kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda ya balaga amma yana almubazzaranci, malaman fiƙihu suna kiransa safihi, kuma alƙali na iya hana shi taɓa dukiyarsa ko da ya yi furfura.

Wannan hukunci ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Idan mai shago ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana, wasiyyin da ke riƙe da jarinsu ba shi da ikon miƙa wa yaro dukiya don kawai ya yi gemu. Haka kuma ba shi da ikon ci gaba da riƙewa bayan shiriya ta bayyana, domin wannan aya ta hana a gaggauta cinye dukiyar maraya don gudun kada ya girma, ta kuma ce a kafa shaidu ranar miƙawa.

Ma'aunin al'ada

Bahaushe bai saba ƙirga shekaru da takarda ba. A tsarin gandu, saurayi yana noma gonar gidansu, a yanka masa gayauna ta kansa, daga yadda ya riƙe ta a san ko ya isa a yi masa aure. A kasuwa, yaron shago ba ya samun sallama da jari sai maigidansa ya gamsu da amanarsa da lissafinsa. Fulanin daji suna da sharo, inda ake gwada jimirin saurayi a bainar jama'a. A zamanin En'e, mai unguwa da dagaci ne ke tantance wanda ya isa biyan haraji, galibi da ido.

Karin maganar Hausa ma ta rabu gida biyu. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, an kuma ce yaro da gari abokin tafiyar manya.

Inda ma'aunan ke karo

Batun aure ne ya fi zafi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ta kuma haramta aurar da shi. Sai dai ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata, abin da Katsina ta yi a 2020 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Tsarin mulkin 1999 kansa, a sashe na 29 da ya shafi barin zama ɗan ƙasa, ya ce cikar girma shekara 18 ce, amma ya ƙara da cewa duk matar aure ana ɗaukarta ta cika. Yunƙurin goge wannan jimla a majalisar dattawa cikin Yulin 2013 ya ci tura bayan Sanata Ahmad Sani Yarima ya ƙalubalance shi.

Akwai kuma wuraren da doka da kanta ta haɗa shekaru da hankali. Kundin laifuffuka na Arewa, wato Final Kod na 1960, ya ce ba a kama ɗan ƙasa da shekara 7 da laifi, wanda ke tsakanin 7 da 12 kuwa sai an tabbatar yana da fahimtar abin da ya aikata. A fagen ilimi, ministan ilimi Tahir Mamman ya nemi a mayar da shekarun shiga jami'a 18 a 2024, magajinsa Tunji Alausa ya dawo da 16. A 2025 hukumar JAMB ta buɗe ƙofa ga haziƙan da ba su kai 16 ba, da sharaɗin su ci aƙalla maki 320 cikin 400 kafin a ƙara tantance su. Wannan ƙa'ida ta shafi masu neman gurbi a Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon bayan shekaru suna cewa ma'auni ne da bai san ɗan sarki ko ɗan talaka ba. Jami'in zaɓe ba zai iya jarraba hankalin dubban mutane ba, kuma da za a ba shi wannan iko, da sai ya zama makamin ware 'yan adawa. Rauninsa shi ne yana dogara da takardar haihuwa, alhali da yawa ba a yi musu rajista ba, sai takardar rantsuwar shekaru ta kotu, wadda ba ta da wuyar sarrafawa.

Masu goyon bayan hankali suna cewa mutane ba sa nuna lokaci guda, kamar yadda gero ba ya nuna rana ɗaya. Rauninsa shi ne hukuncin yana hannun mai aunawa, wanda sau da yawa shi ke cin moriyar jinkirin: wasiyyi mai juya dukiyar maraya, ko maigidan da ba ya son sallamar yaronsa.

Abin da ake gani a aikace shi ne, shekaru sun fi amfani inda hukuma ke hulɗa da jama'ar da ba ta sani ba, hankali kuma ya fi amfani inda mai aunawa ya san mutumin kuma akwai alƙali a samansa. Don haka uba mai son kare 'ya'yansa yana buƙatar abu biyu: rajistar haihuwarsu a hukumar ƙidaya ta ƙasa, da rubutacciyar wasiyya mai shaidu da ta fayyace wanda zai riƙe musu dukiya.